Kwabon Gwajin da Ya Ɓace daga Tire na Bakwai

Ranar Talata da hantsi Shugaba ya jawo tire na bakwai daga cikin kabad, ya tarar da gurbin tsakiya wayam. Ya mayar da tiren, ya sake jawowa, kamar mai fatan ido ne ya yaudare shi. Gurbin yana nan yadda yake, jan ƙyallen karammiski a shimfiɗe, babu komai a kansa. Sai ya rafka salati da ƙarfi, har ma'aikatan maɗaba'ar da ke ƙasan benen suka ji.

Ƙungiyar masu tara tsofaffin kwabbai ba wata babba ba ce. Dattawa ne 'yan kaɗan, yawancinsu sun ajiye aiki, suna haɗuwa a wani ɗaki mai taga biyu a saman maɗaba'ar. Abin da ya haɗa su shi ne son kwabon da aka yi kuskure wajen bugunsa: wanda hatimin ya karkace ya bar rabin fuska fili, da wanda aka buga sau biyu har lambobinsa suka yi inuwa, da wanda ya fito da fuska iri ɗaya gaba da baya. Abin da gidan buga kuɗi ke jin kunyarsa, shi suke riritawa kamar jariri. Amma duk cikin kabad ɗin babu kamar kwabon gwajin Injiniya, ɗaya daga cikin dattawan. Shekara arba'in da suka wuce aka gwada buga kwabo da wani farin ƙarfe mara nauyi, aka ga bai yi ba, aka ba da umarnin a narkar da su duka. Wannan ɗaya ne ya tsira. Shi ne kuma aka shirya zai zama ango a baje kolin da ƙungiyar za ta yi ranar Asabar, wanda aka gayyato wani babban jami'in gidan buga kuɗi ya buɗe.

Kafin azahar magana ta tsaya a kan mutum ɗaya, Gwaggo mai shara. Ita ce ke buɗe ɗakin da sassafe ita kaɗai, ta kuma san aljihun teburin da ake ajiye makullin kabad. Shekara goma sha tara tana share ɗakin, ko maɓalli bai taɓa ɓacewa ba, amma ranar nan babu wanda ya tuna da wannan. A kan matakala Shugaba ya tare ta, ya karɓe makullan hannunta, ya ce da ita cikin ɗaga murya, in kwabo bai dawo ba zuwa jibi Alhamis, 'yan sanda ne za su yi mata sauran tambayoyin. Ma'aikatan maɗaba'a suna tsaye a bakin ƙofa, tawada a hannuwansu, suna kallo.

*

Bayan la'asar Gwaggo ta yi sallama a ƙofar maƙwabcinta, wanda kowa ke kira Baba Mai Sawu. A ƙuruciyarsa ya bi sawun dabbobin da aka sace har tsawon kwana uku a ƙasa mai duwatsu, daga baya ya yi aiki da masu gadin daji har ƙafa ta gaji. Yanar ido ta kusa rufe masa duniya, sai bara aka yi masa aiki a idon dama, Allah ya buɗe shi. Tun daga ranar bai taɓa kallon ko da ganye ba sai ya ce alhamdu lillahi, har jikokinsa suna kwaikwayonsa.

Ta tarar da shi yana ɗaure ƙafar wata kujera da waya. Ta zauna a dakali.

“Gwaggon yara, lafiya? Yau ba ki tsaya mun yi faɗan tsintsiyata da kika ara ba.”

“Yaya, sun ce ni ɓarauniya ce.”

Ya ajiye wayar. Ta ba shi labari tun daga farko, ba ta yi kuka ba. Ta ce ba aikin ne ya dame ta ba, arziki na Allah ne. Abin da ya dame ta shi ne, 'ya'yanta mata biyu suna gidajen mazajensu, gobe za a ce musu uwarsu ta shiga motar 'yan sanda.

“Kin taɓa kwabon?”

“Gilashin kabad nake gogewa. Abin da ke ciki kuwa, wallahi ban san wanne ne na gwaji wanne ne na gaske ba. Ni duk kwabbai ne da ba sa sayen ko ashana.”

Baba Mai Sawu ya dube ta. Ya sani cewa maƙwabtaka ba shaida ba ce, kuma ya ga masu fuskar salihai da yawa a ƙarshen sawu. Saboda haka bai yi mata alkawarin zai wanke ta ba.

“Zan je in duba. Abin da na gani shi zan faɗa, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba.”

“Shi nake so,” in ji ta.

*

Washegari Laraba ya hau benen a hankali, yana dafa bango. Shugaba, wanda tsohon ma'aikacin kotu ne mai son a ji muryarsa, ya tarbe shi da murmushin da bai kai ciki ba.

“Baba, mun ji labarinka, kuma muna girmama ka. Amma nan ba daji ba ne. Siminti ne. Kwabo kuwa ba shi da kofato.”

“Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ba shi da ko ƙafa. Shi ya sa nake zaton wani mai ƙafa ne ya taimake shi.”

Wani dattijo da ke zaune kusa da taga ya yi dariya har da tari. Shi ne Injiniya, mai kwabon. Idanunsa sun yi fari fat, hasken taga kawai yake iya rarrabewa. A gefensa akwai amininsa da ake kira Helma, don shi ne shugaban ma'aikata a ɗakin injin da suka yi aiki tare a gidan buga kuɗi. Helma ne ke riƙo hannunsa ya hawo da shi benen kullum, shi ne kuma ke karanta masa abin da ke jikin kwabbai. Yana sanye da farar safar hannu ta auduga, irin wadda duk 'yan ƙungiyar ke sawa kafin su taɓa kwabo, yana jera wasu a kan tebur saboda baje kolin.

Baba Mai Sawu ya fara da daɓen ɗakin, ya ga Gwaggo ta share shi tas a safiyar Talata. Ya girgiza kai.

“Wannan mata da aikinta ta cuci kanta. Da ƙazama ce da yanzu na gama.”

Ya duba makullin kabad, babu alamar an ɓalle shi. Ya tambayi waɗanda suka shigo ranar Litinin. Shugaba ya lissafa: shi kansa, da Injiniya, da Helma, da Dillali mai shagon kayan tarihi, sai kafintan da ya zo da safe ya gyara tirorin da ke cijewa. Da yamma kuma sun yi ta sauka ƙasa suna hawowa, suna duba takardun gayyata da ake bugawa.

Aka jawo masa tire na bakwai. Katako ne mara kauri, an fafe masa gurabe zagayayyu, kowane gurbi da ɗan ƙyallensa. Ya sunkuya ya kafa wa gurbin tsakiya idon dama. Gashin karammiskin yana kwance lumui ta gefe ɗaya kamar na sauran.

“Takardar fa?” in ji Injiniya daga inda yake. “Jiya na tambaya, hayaniya ta hana a ba ni amsa. Ko takardar ta rage mini?”

“Wace takarda, Injiniya?”

Helma ne ya amsa, ba tare da ya ɗago kai ba. Ya ce kowane kwabo yana da 'yar takarda zagayayya daidai girmansa, ana sa ta a ƙarƙashin ƙyallen, an rubuta inda aka samo shi da shekarar da aka samo. Shugaba ya ɗaga ƙyallen da bakin wani ɗan tsinke. Babu takarda.

Injiniya ya yi ajiyar zuciya. “Da hannuna na rubuta ta, lokacin ina gani.”

Aka kawo shayi. Baba Mai Sawu ya karɓa ya gode, yana kurɓa yana kallon hannuwa, don tun yana yaro ya saba kallon ƙafa da hannu kafin fuska. Shugaba yana kaɗa cokali kamar mai kiran a yi shiru a kotu. Injiniya yana lalubo bakin kofi da babban yatsa. Helma ya riƙe nasa da hagu, yatsan tsakiya na safar a miƙe, bai lanƙwasa tare da 'yan uwansa ba.

Da zai fita, Shugaba ya raka shi bakin matakala ya rage murya. “In ba ita ba ce, to ka leƙa Dillali. Sau uku yana neman Injiniya ya sayar masa.”

*

Shagon Dillali ƙarami ne, cike da tsofaffin agogon bango da fitilu da tambura a cikin gilashi. Mutum ne mai ƙiba da saurin dariya. Da ya ji abin da ke tafe da baƙon sai ya tafa hannu.

“Shugaba ne ya turo ka, ko? Na sani! Tun ranar da na gaya masa kwabonsa mai fuska biyu manna shi aka yi da gam bai yafe mini ba.”

“An ce ka nemi a sayar maka sau uku.”

“Sau huɗu, Baba, an rage mini ɗaya. Ina son kwabon nan kamar raina. Amma ka yi tunani. Guda ɗaya ne a duniya, kuma duk mai wannan harka ya san na wane ne. Wanda ya saci farin raƙumi ɗaya tilo a gari, a wace kasuwa zai ɗaure shi?”

“Sai ya ɓoye shi yana kallo shi kaɗai.”

Dillali ya daina dariya. “Wannan kam akwai masu irin ciwon a cikinmu, ba zan yi maka ƙarya ba. Allah ya raba mu da shi.”

Baba Mai Sawu ya gaya masa cewa har takardar ƙarƙashin ƙyalle an ɗauke. Dillali ya buɗe baki.

“Har takardar? To, Baba, a saki matar nan. Wa zai gaya wa mai shara akwai takarda a ƙarƙashin ƙyalle? Mu ne ba ma iya raba kwabo da takardarsa. Kwabon da ba shi da takarda maraya ne. Ko a mafarki na ɗauki kwabo, sai na haɗa da takardar.”

“Ka san da wannan maganar ka sa kanka cikin waɗanda ake zargi?”

“Na sani. Gara a zarge ni, ina da bakin kare kaina. Ita fa?”

Baba Mai Sawu ya fito yana yi wa mutumin addu'a a zuciya. Amma ya san wannan hujja ba za ta ishi Shugaba ba, zai ce shekara goma sha tara ta isa mai shara ta ga takarda.

*

Kafinta yana bayan layin, cikin rumfar da ke ƙamshin katako. Da ya ga dattijon ya ajiye zarto, fuskarsa ta canza.

“Na san za a zo kaina. Duk abin da ya ɓace, sai a ce wane leburan ne ya shigo.”

“Ba zarginka na zo yi ba, ɗana. Aikinka na zo tambaya. Me ka yi wa tirorin?”

“Cijewa suke yi saboda damshi. Na goge gefunansu, na shafe ƙasansu da kakin zuma don su riƙa sulɓi. Shugaba yana tsaye a kaina kamar mai gadin fursuna, shi yake riƙe kowane tire ina shafawa daga ƙasa. Farin kwabon yana nan a lokacin, da idona na gan shi.”

“Duk ƙasan ka shafe, ko gefe kawai?”

“Duka. Sai dai na kiyaye ramukan, kada kaki ya toshe su.”

“Waɗanne ramuka?”

Kafinta ya ɗauko wani guntun katako ya zana masa da fensir. A ƙasan kowane gurbi akwai ɗan rami da yatsa zai iya shiga. Masu tara kwabbai ba sa tsinko kwabo daga sama, don kada farce ya karce fuskarsa. Hannu suke sawa a ƙarƙashin tire, su turo shi sama ta ramin, sannan su kama shi ta gefe.

“Kakin nan, kwana nawa yake yi kafin ya bushe?”

“A wannan damshin? Ya yi kwana biyu yana danƙo.”

Baba Mai Sawu ya miƙe da saurin da gwiwoyinsa suka manta da shi. “Allah ya yi wa hannunka albarka.”

“Amin, Baba. Amma me na yi?”

“Ka yi mini yayyafi a kan hanya kafin ɓarawo ya wuce.”

*

Ya koma benen rana ta karkata, haskenta yana shigowa ta tagar yamma a kwance. Shugaba kaɗai ya tarar. Ya roƙe shi ya kwashe kwabban tire na bakwai, ya yi haka yana gunaguni. Sannan Baba Mai Sawu ya kifa tiren, ya kai shi bakin taga, ya karkata shi yadda yake karkata kansa a daji in yana neman sawu a kan busasshiyar ƙasa.

Kakin ya riga ya bushe, ya kwanta sumul ko'ina, sai a kewayen ramin tsakiya. A nan akwai tabo, kuma a cikin kowane tabo ana ganin saƙar zare siriri. Ya ƙirga su, ya sake ƙirgawa. Ya tuna watannin da ko fuskar jikarsa ba ya iya gani, ga shi yau Allah ya nuna masa saƙar auduga a kan kaki. Ya yi godiya a ɓoye, amma godiyar ta zo da nauyi, domin ya gane hannun.

“Ka ga wani abu?” in ji Shugaba.

“Na gani. Gobe da hantsi a tara mini duk wanda ya shigo ranar Litinin, har da Gwaggo. Wannan tiren kuma ka kulle shi a inda kai kaɗai ka sani.”

*

Ranar Alhamis suka hallara. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi zama. Kafinta ya jingina da bango. Dillali ya cika kujerarsa, Injiniya da Helma suna wurinsu na kullum kusa da taga.

Baba Mai Sawu ya fara da sunan Allah, sannan ya sa aka ajiye tire na uku a kan tebur.

“Gwaggon yara, zo ki ɗauko mini kwabon can na gefe.”

Ta matso tana ɗari-ɗari, ta sa farce biyu daga sama ta tsinko shi, ƙyallen ya tattare ya biyo hannunta. Dattawan nan uku masu gani suka yi ƙara a tare kamar an taka musu ƙafa.

“Fuskar! Kada ki taɓa fuskar!” in ji Shugaba.

“Kun gani,” in ji Baba Mai Sawu. “Haka duk wanda ba naku ba zai ɗauka. Amma gurbin da aka yi wa sata, ƙyallensa a kwance yake lumui, an ɗaga shi an zare takarda an mayar da shi yadda yake. Wanda ya ɗauki kwabon nan yana tausayinsa.”

Ya karɓi tire na bakwai daga hannun Shugaba, ya kifa shi a hasken taga.

“Kafinta ya shafa kaki ranar Litinin da safe. Bayan nan hannu ɗaya ne ya shiga ƙarƙashin tiren. Hannun yana cikin safa, ga saƙar zaren nan, kowa ya zo ya duba. Hagu ne. Manuni ya shiga rami ya tura kwabo. Ga tabon ƙaramin yatsa, ga na kusa da shi. Tsakaninsu da ramin akwai fili, inda ya kamata yatsan tsakiya ya dafa. Bai dafa ba.” Ya ajiye tiren a hankali. “Ni aikina bin sawu ne, ba kiran suna ba. Allah yana son a rufa asirin bawansa, amma ba a kan wuyan wani bawan ba. Mai hannun yana jina. Na bar masa ladan faɗa da bakinsa.”

Shugaba da Dillali suka sunkuyar da kai, don sun san hannun kowa a ƙungiyar. Injiniya ya juyo da fararen idanunsa gefen da amininsa yake.

“Helma,” ya ce a hankali. “Ina wurin ranar da injin ya cinye yatsan nan. Ni na ɗaure maka shi da rigata.”

Helma ya zare safar hagu. Audugar da ya cusa a gurbin yatsan ta faɗo ƙasa. Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da wani ɗan ƙunshin farin ƙyalle, ya buɗe a kan tebur. Ga kwabon, fari sol, ga takardarsa a ƙarƙashinsa.

“Ba don in mallaka na ɗauka ba, Allah ne shaidata.” Ya tura ƙyallen gaban Injiniya. “Ni aka ba aikin narkar da kwabban gwajin nan. Ni na sa hannu cewa an narkar da su duka. Shekara arba'in ina ganin wannan a wurinka, ban taɓa tambayarka yadda ya fito ba, don ina tsoron amsar. Da na ji an gayyato jami'in gidan bugu, sai na ga za a tsayar da kai a gaban jama'a, da furfurarka da makantarka, a ce ka fitar da kayan hukuma a aljihu. Na ce in ɓoye shi har Asabar ta wuce, in mayar.”

“Wato duk shekarun nan kana riƙe hannun ɓarawo kana hawa bene da shi?” in ji Injiniya.

“Ina riƙe hannun aminina.”

Injiniya ya girgiza kai. Can ya ce, “Shugaba, ambulan ɗin da na ba ka ranar Litinin na ce a ajiye kusa da kwabon ranar baje koli, yana ina? Buɗe ka karanta.”

Shugaba ya ciro shi daga aljihun tebur. Tsohuwar wasiƙa ce mai hatimin gidan buga kuɗi. Ta ce an ware kwabo ɗaya daga na gwaji tun kafin a kai sauran wurin narkarwa, an ba Injiniya kyauta saboda shi ya tsara hatiminsa.

“Me ya hana ka gaya mini?” in ji Helma, hawaye na bin gemunsa.

“Tare muka yi wahalar aikin nan. Kai ka bar yatsa a ciki, ni aka ba kyauta, kai ko na gode ba a ce maka ba. Kunya ta hana ni nuna maka takardar.”

Dillali ya share ido da bayan hannu. “Ku ji tsofaffin banza. Tambaya ɗaya da an huta shekara arba'in.”

Baba Mai Sawu bai yi dariya ba. “Zato ya ci ku ku biyu, wannan tsakaninku ne da Ubangijinku. Amma, Helma, kana tsaye a saman matakalar nan aka kira matar nan ɓarauniya. Ka kwana uku da kwabo a ƙirjinka, ita ta kwana biyu ba ta runtsa ba. Ka ceci mutuncin amininka da mutuncin wadda ba ta da mai tsaya mata.”

Helma ya taso, ya zo gaban Gwaggo, ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwoyinsa na tsufa. “Na ce a raina ba su da shaida, za su ƙyale ki. Ƙarya na yi wa kaina. Ki yafe mini don Allah.”

“Tashi, Baba, ka girmi durƙusa mini.” Ta jira har ya miƙe. “Na yafe maka duniya da lahira. Shekara goma sha tara kai kaɗai ne kake ɗaga ƙafa in ina shara ba sai na roƙa ba. Na gode wa Allah da ya sa gaskiya ta fito ina da rai.” Ta juya ga Baba Mai Sawu. “Yaya, ba ni da abin biyanka.”

“Ki gode wa Wanda ya buɗe idon, da kafintan da ya shafa kaki.”

Shugaba ya yi gyaran murya, ya ce a madadin ƙungiya yana ba ta haƙuri, kuma ta dawo bakin aikinta gobe.

“Na gode, ranka ya daɗe. Amma a nan mutum bakwai ne suka ji. Ranar Talata kuwa duk maɗaba'a ta ji, kuma kowannensu yana da mata a gida.”

Shugaba ya dubi Dillali, Dillali ya dubi silin. Sai ya gyara hularsa ya nufi matakala, sauran suka bi shi, Helma yana riƙe da hannun Injiniya, suna sauka ɗaya bayan ɗaya.

A ƙasa injin yana ta ƙugi, takardu na zubowa. Shugaba ya tsaya a tsakiyar maɗaba'ar ya fara magana, ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Mai maɗaba'ar ya dubi fuskarsa, ya dubi Gwaggo da ke tsaye a matakalar ƙarshe, ya miƙa hannu ya kashe injin.

“To, ranka ya daɗe,” in ji shi, “sake daga farko. Yanzu muna jinka.”